Nasiha Ga Matashin Da Ya Mallaki Motar Tsere, Game Da Zafin Inji

Ya kai ɗana, da ke 'yata idan kina cikin masu riƙe sitiyari, na lura a 'yan shekarun nan cewa matasa da yawa, da zarar Allah ya buɗa musu, abin da zuciyarsu ke fara raya musu shi ne motar tsere, irin gajerun nan masu ƙofa biyu da ake shigowa da su ta Kwatano ko ta Legas bayan sun ci rabin rayuwarsu a Jamus ko Amurka. Ban ga aibin wannan sha'awa ba matuƙar da halal aka saya, kuma ba a cutar da kowa a kan hanya. Abin da ke ba ni tausayi shi ne yawan irin waɗannan motoci da nake gani a garejin makanikai an ɗaga bonet, an kwance kan inji an ajiye a ƙasa, mai motar yana tsaye ya yi tagumi ana lissafa masa kuɗin da ya kusa rabin abin da ya saye ta. In kuwa ka bi diddigin al'amarin, sau da yawa za ka tarar asalinsa zafi ne wanda ya yi ta ba da alama ba a kula ba, ko kuwa an kula amma aka yi masa maganin da ya fi cutar muni.

Ya kamata ka fara sanin inda zafin ke fitowa, domin wanda bai san asalin abu ba ba zai gane furensa ba. Man da ke ƙonewa cikin inji, bisa ƙiyasin masana, kusan sulusinsa kaɗai ne ke zama tafiya. Sulusi yana fita ta salansa, sauran sulusin kuwa yana shiga jikin ƙarfen, kuma dole a kwashe shi nan take ko ƙarfen ya lalace. Aikin ruwa ke nan: famfon ruwa yana tura shi ta cikin hanyoyin da aka huda a jikin inji da kansa, ya ɗebo zafi, ya bi ta tiyo na sama ya shiga lagireto, inda iskar tafiya ko ta fanka ke ratsa siraran bututu ta sanyaya shi, sa'an nan ya komo ta tiyo na ƙasa. A bakin wannan hanya akwai wata 'yar ƙofa da ake kira tamostat, wadda ke rufe har sai ruwa ya kai wani mizani, a yawancin motoci tsakanin digiri 80 da 95 a ma'aunin Salshiyos, sa'an nan ta buɗe. To, tun da yake injin motar tsere yana ƙona mai fiye da na motar gida idan an taka shi, sulusin da ruwa zai kwashe ma ya fi yawa, alhali kuwa an matse injin cikin ƙaramin wuri, an ƙasƙantar da hancin motar har ya kusa taɓa ƙasa, an bar wa iska 'yar kafa kaɗan. Dalilin da ya sa ke nan ƙaramin aibin da tsohuwar Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, za ta haƙura da shi wata da watanni, ita wannan ba za ta haƙura da shi ko na yini guda ba.

Ƙara a kan haka, yawancin injinan nan kawunansu na alminiyam ne, wasu ma har gangar jikin, shi kuwa alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka in ya wuce haddi sai ya karkace, kuma ba ya komawa yadda yake. Sa'an nan ka tuna da ƙasar da ka kawo ta. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, a lokacin hunturu kuma ƙura ce ke cika kowace kafa, ga cunkoson cikin gari inda mota za ta tsaya cik da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, ita kuwa wannan na'ura tana zubar da nata zafin ne daidai gaban lagireto. Mafi tsanani duka shi ne wasan jujjuya mota da samari ke yi a wajen bukukuwa, domin a wannan hali inji yana kuka iyakar ƙarfinsa, motar kuwa ba gaba take fuskanta ba balle iska ta shiga hancinta; zafi ya kai matuƙa, sanyaya kuwa ta yi ƙaranci. Ba zan tsawaita kan haɗarin wannan wasa ga rayukan 'yan kallo ba, domin na san hankalinka ya riga ya gaya maka.

Idan wata rana kana tafe ka ga allura ta doshi ja, ko jar fitila ta kama, ko ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi yana shigowa, to, abin da ya wajaba shi ne ka kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka nemi gefen hanya mai aminci ka tsaya, kada zuciya ta ce maka ai gida ya kusa. Mafi yawan injinan da na ga sun mutu, a cikin 'yan mintocin nan na "bari in ƙarasa" suka mutu. In hitar motar tana aiki, kunna ta iyakarta yakan janye wani abu daga zafin kafin ka sami wurin tsayawa, ko da yake motoci da yawa a nan an riga an toshe musu ita. Idan ka ga tururi ko ruwa yana zuba, kashe injin nan take. Daga nan sai haƙuri, domin a nan ne gaggawa ke yi wa mutane illar da ba ta gogewa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana riƙe shi cikin matsi don kada ya tafasa sai ya kai wajen 120 ko fiye. Ma'anar wannan ita ce, ruwan da ke kwance shiru cikin inji mai zafi ya riga ya wuce mizanin tafasa, kuma da zarar ka murɗa murfin matsin ya kuɓuce, sai ya tafasa farat ɗaya ya yi tsiri zuwa fuskarka da hannunka. Na ga samari masu tabon da za su je kabari da shi saboda wannan. Ka dakata aƙalla rabin sa'a, har tiyo na sama ya yi laushi ka iya riƙe shi da hannu, sa'an nan ka rufa tsumma mai kauri ka murɗa sannu a hankali. Kada kuma ka yarda masu taimako, ko da niyyarsu kyakkyawa ce, su kwara wa inji ruwan sanyi a ka ko su ɗura masa a ciki yana tsananin zafi, domin ƙarfen da ya buɗe in aka tsuke shi farat ɗaya tsagewa yake yi. Haka nan ka janye hannunka da bakin rigarka daga fanka, gama ta lantarki takan tashi da kanta ko bayan an zare makulli.

Akwai wani abu game da allurar nan da mutane kaɗan suka sani. A motocin zamani da yawa an tsara ta ne ta zauna daram a tsakiya ko zafin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, don kada hankalin direba ya tashi, saboda haka ran da ka ga ta motsa, al'amari ya riga ya yi nisa. Wasu motocin ma, kamar BMW samfurin E90, ba su da allurar ruwa sam, sai dai saƙon gargaɗi. Kuma idan ruwa ya tsiyaye ƙaf, na'urar aunawa takan rasa abin da za ta auna, allura ta koma ƙasa, mai mota ya yi hamdala alhali injinsa na ƙonewa. Don haka ina ba ka shawara ka mallaki 'yar na'urar nan mai araha da ake sokawa a kafar bincike da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda aka wajabta wa motocin Amurka tun 1996, ta riƙa nuna maka haƙiƙanin zafin a wayarka.

Bayan inji ya huce sai bincike, kuma a nan nake so ka yi aiki da hankali irin na ɗalibi, ka bambanta zato da yaƙini. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kowane zafi da sababinsa, kuma babbar hujjar da za ta kai ka ga sababin ita ce lokacin da zafin ke zuwa. Idan motar tana zafi a tsaye ko cikin cunkoso, amma da ka hau babban titi sai ta sauka, to iska ce ba ta samu, kuma tuhuma tana kan fanka: ko fis ya ƙone, ko rile ya mutu, ko motar fankar ta gaji, ko kuwa, a masu fankar da bel ke juyawa, kulocinta ya saki. Idan akasin haka ne, wato cikin gari lafiya lau amma a hanyar Kaduna zuwa Abuja ko a hawan tudun Jos sai allura ta tashi, to fanka ba ta da laifi, sai a duba lagireto, ko ya toshe daga ciki da tsatsa da gishiri, ko daga waje da ƙura da ƙwari da ledar da iska ta manna masa, a kuma duba famfon ruwa, da tiyo na ƙasa wanda in ya tsufa yakan tsuke idan famfo ya ja da ƙarfi. Ka sa a leƙa tsakanin lagireto da na na'urar sanyaya ɗaki, domin a wannan tsukin datti ke taruwa inda ido ba ya kaiwa, a wanke shi da ruwa marar ƙarfi don kada siraran fikafikan su lanƙwashe. Kada kuma ka raina robobin nan na ƙarƙashin hanci da kewayen lagireto waɗanda ramukan hanya ke karyawa a jefar. Su ne ke tilasta wa iska ta ratsa ta inda ake so maimakon ta zille ta gefe. Idan kuwa motar ta yi zafi cikin 'yan mintoci da tayarwa, ka taɓa tiyon da ke kai wa lagireto ka ji bai yi zafi ba alhali inji na ci, to mai yiwuwa tamostat ce ta maƙale a rufe, ko famfo ya daina turawa.

Amma kafin duk wannan, ka fara da mafi sauƙi, wato yawan ruwan da kuma murfin. Ruwan da ke raguwa yana da inda yake zuwa. Ka nemi farin tabo ko kore a gindin tiyo, da bakin famfo, da gefen lagireto inda roba ta haɗu da ƙarfe, in ba ka gani ba ka sa makanike ya ɗaura famfon gwaji ya matsa iska ya ga ko matsin zai tsaya. Murfi kuwa, duk da ƙanƙantarsa, in robarsa ta mutu ko aka sa wanda ba na motar ba, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana amai, har a zargi inji da laifin da ba nasa ba. Kowace mota da matsin da aka ƙaddara mata, wasu 0.9, wasu 1.1, BMW samfurin E46 kuwa 2.0. Tun da na ambaci wannan mota, wadda samarinmu ke ƙauna ƙwarai, bari in gaya maka cewa sanannen rauninta shi ne kayan ruwanta na roba ne, tankin ajiyar ruwa da wuyan lagireto da gidan tamostat, kuma roba in ta shekara goma sha tana shan zafi sai ta bushe ta fashe ba sallama. Ƙannenta kuma, irin su 335i da ta fito a 2006, famfon ruwansu na lantarki ne, wanda kan mutu farat ɗaya ba tare da ƙara ko ɗigo ba. Wanda ya sayi irin waɗannan bai san tarihinsu ba, hikima ita ce ya sabunta kayan nan gaba ɗaya tun suna aiki, domin rigakafi ya fi magani.

Yanzu na zo kan mas'alar da ta fi damuna, wadda kuma na san za ka gamu da ita. Al'ada ta yaɗu a garejinmu cewa da mota ta shigo daga waje, ko da ta fara zafi, sai a ce a cire tamostat a jefar wai don ƙasar sanyi aka yi ta, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga murɗa makulli. Masu wannan fatawa ba mugaye ba ne, kuma da yawansu sun gaje ta ne daga iyayen gidansu da suka yi aiki a kan injinan da, amma ina tabbatar maka kuskure ce. Wanda ya ƙera injin ya auna tazarar fistin da ringi da kaurin baƙin mai bisa wani zafi ayyananne, kuma injin da ya kasa kai wannan zafi, musamman da asuba ko cikin hunturu, kwamfutarsa za ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta ci gaba da zuba masa mai fiye da kima. Man nan ya wanke bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, fulogi ya yi baƙi, aljihunka kuma ya riƙa zuba a gidan mai. Abin da ya fi wannan shi ne, a injina da yawa tamostat tana da faifai na biyu a gindinta, wanda idan ta buɗe hanyar lagireto yake rufe wata gajeriyar hanya ta cikin gida. In aka cire ta, sai wannan gajeriyar hanya ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa kewaya inji bai leƙa lagireto ba, a wayi gari motar da aka yi wa haka don ta yi sanyi ta fi da zafi a kan babban titi. Sa'an nan, kuma wannan shi ne babban abin, cire ta bai gyara ainihin aibin ba. Lagireton da ya toshe yana nan a toshe, an dai ɓoye alamar ne zuwa ranar da za ta bayyana a inda babu gareji. In tamostat ta lalace, a jefa ta a ruwan zafi a gani ko tana buɗewa, in ba ta yi a sa sabuwa irin tata.

Game da ruwan da ake zubawa, na san ruwan rijiya da na burtsatse su ne kusa, amma suna ɗauke da gishirin ƙasa wanda ke daskarewa cikin bututu, kuma ruwa zalla yana cin alminiyam da ƙarfe a hankali. Ruwan kulan, wato wanda aka haɗa musamman don sanyaya inji, ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Yana ɗauke da magungunan hana tsatsa, yana kuma ɗaga mizanin tafasa. Ka nemi irin da littafin motarka ya ambata, kada ka dogara da launi domin launi rini ne kawai, kada ka gauraya iri biyu da ba ka san jituwarsu ba, in kuma mai kauri ne ka sirka shi da tataccen ruwa marar asid. A halin larura a daji kowane ruwa mai tsabta ya halatta, da sharaɗin ka zubar ka sake in ka iso gari. Amana ce kuma a kanka ka nisanta shi daga yara da dabbobi, gama yana da zaƙi a baki alhali guba ne mai kashe ƙoda. Duk ran da aka sake ruwa, a tabbata an fitar da iskar da ta maƙale ta kusoshin da aka tanada, domin kumfar iska a kan inji tana hana ruwa taɓa ƙarfe. Wannan ya fi wuya a motocin da injinsu ke tsakiya ko baya, kamar Porsche Boxster da 911, wadda tun fitowarta iska ke sanyaya ta har zuwa samfurin 996 na 1997 da ya koma ruwa. Lagiretocinsu suna can cikin hanci, dogayen bututu sun ratsa ƙarƙashin motar, don haka sai makaniken da ya san tsarinsu.

Idan duk an duba ba a ga ɗigo ba amma ruwa na ci gaba da ɓacewa, farin hayaƙi mai kauri yana fita ta salansa ko bayan inji ya ɗumama, kumfa tana tasowa a tanki, tiyo yana tauri jim kaɗan da tayarwa, ko baƙin mai ya koma launin shayi da madara, to mai yiwuwa gasket ɗin kan inji ya ƙone, la'alla ma kan ya karkace. Duk da haka kada ka yarda a kwance inji bisa zato, akwai gwajin da ake yi da wani shuɗin ruwa a bakin tanki, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin ƙonuwa yana shiga ruwa. In ya tabbata, a kai kan inji wurin masu aunawa a ga ko ya miƙe, a kuma gano abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon gasket zai bi sawun tsohon. Garin magani da ake zubawa don toshe ɗigo kuwa, sau da yawa yakan toshe har da bututun da ke da lafiya.

Ka zaɓi makanikenka da natsuwa, wanda in ka tambaye shi dalili zai yi maka bayani ba tare da fushi ba, ka girmama shi, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, domin matambayi ba ya ɓata, kuma mai sana'ar da aka mutunta yakan faɗi gaskiya. In za ka sayi kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo, tafi da lambar motarka da tsohon abin a hannu, ka tuna araha ba ta ado, musamman a famfo da tamostat da murfi. Bayan doguwar tafiya mai gudu kuma, balle in motar mai turbo ce, ka sassauta a 'yan kilomitocin ƙarshe ka bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, kamar yadda mahayin kirki ke zagayawa da dokinsa bayan sukuwa kafin ya kai shi turke. Baƙin mai ma yana kwasar nasa rabon na zafi, saboda haka kada ka bari ya ragu ko ya wuce wa'adinsa.

Ina roƙonka, ɗana, ka ware safiya guda a kowane mako, kafin ka tayar da inji, ka ɗaga bonet ka dubi ruwan yana tsakanin alamominsa biyu, ka matsa tiyo ka ji ko ya kumbura ko ya bushe, ka leƙa ƙasa inda motar ta kwana. In ka ga ruwan ya ragu ko da kaɗan ne sati biyu a jere, kai ta a gwada ta da famfon matsi kafin ka sake hawa babban titi da ita. Allah ya kiyaye hanya, ya kai ka gida lafiya.